Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Damagaram zuwa ga masu shirya finafinan Hausa, kan maganar maida fim ya zama gem na intanet

Assalamu alaikum warahmatullah.

Zuwa ga iyayen gidanmu furodusoshi da daraktoci da marubutan labarin fim, na Kano da Kaduna da Jos, da namu na nan Nijar, ina gaisuwa da fatan kuna lafiya ku da iyali. Ni ƙaninku ne daga Zinder, sana'ata tura finafinai a waya da cajin batir, donk abin da mutane ke kallo da abin da yara ke bugawa duk ta gabana yake wucewa.

Maganar da ta sa na rubuto ta daɗe tana yawo a fada wajen shan shayi da kuma gurup na WhatsApp, wai me ya hana a ɗauki ɗaya daga cikin manyan finafinan nan masu dogon zango da ake jira duk sati, a maida shi gem irin wanda mutane da yawa ke haɗuwa ta intanet su buga tare, tunda ga yara nan sun kwana sun wuni a kan Free Fire da PUBG suna kai kuɗinsu waje. In maganar ba ta iso ku ba wallahi za ta iso, watarana wani zai shigo ofis ɗinku da ordinater, wato kwamfuta, a hammata ya ce ku ba shi sunan fim da fuskar jarumi shi kuma ya kawo muku miliyoyi. Ni ina cikin masu son abin ya tabbata, sosai ma. Amma ina roƙonku kar ku amsa ma wannan mutumin da sauri, don sunan fim shi kaɗai bai taɓa riƙe ƴan wasa ba, kuma waɗanda suka fi mu kuɗi nesa ba kusa ba sun gwada.

Ku ɗauki The Matrix. Fim ɗin ya fito 1999 duniya ta ɗauka. A watan Maris na 2005 aka buɗe The Matrix Online, kuma ba aikin ganin dama aka yi ba, masu fim ɗin da kansu suka sa albarka aka ce labarin da ya tsaya a fim na uku cikin gem zai ci gaba, har Morpheus, ɗaya daga cikin manyan jaruman fim ɗin, ma cikin gem ɗin aka kashe shi, kuma kamfani ya sa ma'aikata suna shiga suna taka rawar manyan mutanen labarin suna magana da ƴan wasa kai tsaye. Duk da haka ƙarshen watan Yuli na 2009 aka kashe sabar, wato babbar kwamfutar da gem ɗin ke zaune a kanta, kuma a lokacin masu biyan kuɗin wata ba su cika mutum 500 ba. Disney da girmanta ta buɗe Pirates of the Caribbean Online a 2007 ta rufe a 2013. Gem mai sunan Avengers ya fito 2020, shekara guda bayan fim ɗin da ya tara sama da dalar Amurka biliyan 2, zuwa 2023 an daina kula da shi an cire shi daga kasuwa. Waɗannan fa ba talla suka rasa ba, ba kuma masoya suka rasa ba.

Abin da na fahimta shi ne, fim jarumi ɗaya gare shi. Mu dubu ne a gaban allo amma duka bayan mutum ɗaya muke, shi ake zalunta, shi zai rama, shi zai auri yarinyar, kuma darakta ne ya tsara minti nawa za mu yi muna jin haushi kafin ya sanyaya mana rai. To a gem na intanet mu dubun nan mun shigo ciki, kowa da hannunsa, kowa ya zo ne don ya zama jarumin nan da ya gani. In an ba kowa, jarumtar ta zama banza tunda duk inda ka waiga irinka ne. In an hana, mutum ya ce to me na zo yi, ni da na zo don in zama Neo, jarumin The Matrix, an maida ni ɗan aike.

Babu inda wannan matsala ta fito fili irin gem ɗin Star Wars Galaxies, kuma ina so ku ɗan yi haƙuri in tsaya a kanshi don darasinmu yana nan. An buɗe shi a watan Yuni na 2003. Da farko zama Jedi, wato mayaƙan nan masu takobin haske, abu ne mai wuyar gaske, sai da aka yi watanni kafin mutum na farko ya samu. Amma sai aka ba mutane sana'o'i sama da 30. Kana iya zama maƙerin makamai, ko tela, ko mai dafa abinci, ko likita, ko magini, ko makaɗi ko mai rawa, kuma ba na ado ba ne, mayaƙi in ya dawo daga daji a gajiye dole ya shiga gidan kiɗa ya zauna gaban makaɗa kafin gajiyar yaƙin ta sake shi, bindiga mai kyau kuma a hannun wani ɗan wasa maƙeri zai saye ta, har maƙera suka yi suna ana neman aikinsu daga nesa. Mutane suka gina gidaje, gidaje suka zama garuruwa da magajin gari. Akwai wanda zai yi wata da watanni bai harbi kowa ba yana shagonsa yana ciniki, kuma yana biyan kuɗin wata da daɗin rai. Sai a watan Nuwamba na 2005 kamfanin ya ga kamar gem ɗin bai yi kama da fim sosai ba, aka rushe tsarin aka maida sana'o'in 9 kacal, aka ce daga yau duk mai so ya fara a Jedi tun ranar farko. Tsoffin ƴan wasa da yawa suka tattara suka tafi, don abin da suka shekara biyu suna ginawa an share shi dare ɗaya. Gem ɗin ya ci gaba da jan ƙafa har Disamba 2011 aka rufe. Ku duba da kyau, lokacin da aka matso da shi kusa da fim ne ya fi cutuwa.

Wanda ya gaje shi, The Old Republic, wayo aka yi, aka kai labarin shekaru dubbai kafin zamanin finafinan, babu jarumin fim ko ɗaya da zai tsaya ma ɗan wasa a gaba, duniyar kawai aka aro. Har yau yana nan. Amma shi ma an ƙiyasta ya ci kusan dalar Amurka miliyan 200, kuma bai cika shekara ba masu biyan kuɗin wata suka ragu har aka buɗe shi kyauta a Nuwamba 2012.

Yanzu ga abin da yaran da ke zama gaban shagona da yawansu ba su sani ba: PUBG ɗin nan da suke bugawa jikan fim ne. Wanda ya ƙirƙiro shi, Brendan Greene ɗan ƙasar Ailan, bai ɓoye ba cewa wani fim ɗin Japan na shekarar 2000 mai suna Battle Royale ne ya ba shi tunanin, inda aka kai ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, wani tsibiri aka ce sai mutum ɗaya zai fita. Bai sayi sunan fim ɗin ba, bai ɗauki jarumi ko ɗaya ba, bai bi labarin ba. Doka ya ɗauka: ga fili, ga mutum 100, fili yana matsewa, wanda ya rage shi ya ci. Dokar nan kuwa kullum sabon labari take haifarwa, shi ya sa yaro zai buga sau ɗari bai gaji ba, alhali fim komai daɗinsa in ya kalla sau biyu sau uku sai ya zo ya ce in goge in sa mishi wani. Free Fire da ta fito 2017 ita ma dokar nan ta ɗauka ta rage mutane zuwa 50, wasa ya koma kamar minti 10, ta yi sauƙin da ƙaramar waya za ta ɗauka, shi ya sa ta mamaye unguwanninmu. Ba ina cewa ku yi gem ɗin harbe-harbe ba, Allah ya kiyaye, abin da yankinmu ke gani na bindiga ya ishe mu. Ina nuna muku abin da ake ɗauka daga fim ne in ana so a ci riba.

To tambayar da nake so ku yi ma duk wanda ya zo muku da maganar nan ita ce: ɗan wasa me zai yi da yatsunsa? Minti na farko me zai yi, kuma bayan wata uku me zai dawo da shi? Yawancin finafinanmu soyayya ce da kishi da rikicin gado da zaman gidan miji, kuma ni ban raina su ba, su ke ci da ni, mata da tsofaffi su suka fi nema. Amma daɗinsu a baki yake, a kallon da uwar miji za ta yi ma amarya, a sirrin da mu masu kallo muka sani jarumi bai sani ba. Wannan ba ya bugawa da mutum hamsin. In aka matsa sai an yi, abin da za a samu shi ne a ɗauko wani gem ɗin tsere ko na faɗa da aka riga aka yi a wata ƙasa, a manna fuskar jarumi a sa waƙar fim a baya, mutane su telesharje sati guda don son jarumin, su goge. Ku kuma sunan da kuka yi shekaru kuna ginawa ya zube.

Amma akwai finafinanku da ba mutum ɗaya ne ƙarfinsu ba, gari ne. Irin masu dogon zangon nan da za ka ga ga mai unguwa, ga malam, ga mai shayi, ga dillaliya, ga ɗan siyasa, ga ɗan kabu-kabu, kowa da harkarsa kuma harkar kowa tana taɓa ta wani. Da kuma finafinan sarauta da na zamanin da. Waɗannan su ne nake ganin za su iya, in kun yarda ku bar jarumi a gefe ku ba mu garin.

Kuma mu nan Damagaram wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, muna da wasan kara. Duk ɗan Zinder ya san shi, jama'a su raba muƙamai, wannan sarki, wannan gwamna, wannan minista, wannan dogari, wannan ɗan jarida da kamararsa ta kara, kowa ya yi shigar wanda yake kwaikwayo ya riƙe matsayinsa da gaske, kuma dogari ba ya jin an rage shi don ba shi ne sarki ba, shi ma rawarsa yake takawa kuma in babu shi fadar ba ta cika. Babu wanda ya rubuta musu labari daga farko har ƙarshe, matsayi aka ba su da doka, labarin su ke yin shi. Wallahi abin da manyan kamfanonin can suka kashe miliyoyi suna nema kenan, kuma kakanninmu sun san shi tun kafin a kawo kuran, wato wutar lantarki, garin nan.

Ku yi tunanin gem da aka gina kan fim ɗin sarauta, a ce zamanin Sarki Tanimun, wanda ya kewaye Birni da ganuwa har aka ƙera igwa a garin nan. Ga Birni inda fada take, ga Zango inda fatake da Buzaye ke sauka da raƙuma. Wani ya zama madugu ya haɗa ayari zuwa Agadas ko ya ɗauko gishirin Bilma ya gangara da shi Kano, kuma ba zai iya tafiya shi kaɗai ba sai ya nemi masu rakiya da mai sanin rijiyoyi. Wani majemi, wani baduku yana jiran fata daga hannunsa, wani maƙeri, wani mahauci, wata mai saƙa ko mai fura, wani maroƙi da in ya wasa ka darajarka ta ƙaru a gari, wani alƙali da za a kawo ma ƙara in an ci amana a ciniki. Sarautu irin su Ciroma da Galadima da Sarkin Fawa a bar su a buɗe, wanda jama'arsa suka yarda da shi ya hau, in ya yi zalunci a tuɓe. Sarki kuwa da jaruman fim ɗin ku riƙe su a hannunku, su riƙa fitowa jefi-jefi, ranar hawan salla ko ranar da aka yi shelar wani abu, da muryar ɗan wasan fim ɗin na gaske. Ranar da aka ce yau jarumi zai fito fada da kansa, ku ga yadda rezo, wato layin intanet, zai cika. Ga kokowa kuma, mu da muke da gasar takobi tun 1975, jihohi takwas kowace da ƴan kokowarta, duk ƙasa ta tsaya cak in ana yi, filinmu na nan ma sunan shahararren ɗan kokowa Langa-Langa yake ɗauke da shi. A sa fagen kokowa cikin gem a ce unguwa da unguwa ko gari da gari, Zinder da Maraɗi, Kano da Katsina, ai ba sai an roƙi kowa ya dawo ba.

Sai dai in faɗa muku gaskiyar wayoyin da ke zuwa hannuna. Yawanci itel ne da Tecno da Infinix, wasu allon ya tsage, memwar a cike, kafin in sa ma mutum fim biyu sai mun zauna mun zaɓi hotunan da za a goge. Gem ɗin da ya kai jiga biyu ko uku ba zai shiga ba, in ya shiga ma waya ta yi zafi ta tsaya. Yaro forfe, wato data, na dala ashirin ko dala arba'in yake sawa, in ya yi ƙoƙari na dala ɗari, yana lissafin mega ɗinsa ɗaya bayan ɗaya. Rezo yana zuwa yana tafiya, lokacin zafi kuma kuran ya ɗauke a wuni ana jira. Donk gem ɗin da in konekisiyon ya yanke na daƙiƙa biyar an kashe ka ka yi asarar komai, mutanenmu za su yi fushi su bari. Ku nemi irin wanda mutum zai shiga ya tura ayarinsa ko ya sa fata a jima, ya fita ya tafi harkarsa, da dare ya dawo ya ga abin da ya faru. Kuma a yi shi da murya, Hausa a kunne, don da yawa daga masu son finafinanku karatun boko bai dame su ba, wasu Faransanci suka yi wasu Ingilishi, Hausar ce ta haɗa mu. Wajen biya ma haka, yawancin yaranmu ba su da katin banki, masu sayen diyamon, wato kuɗin cikin gem, na Free Fire ta hannun dillalai suke bi. In ba a iya biya da Airtel Money ko Nita ko Amana a nan, da naira a can, to an rufe ƙofa tun ba a buɗe ba.

Wani abin kuma da ya bambanta da aikinku na yau: fim in an gama tacewa an saki, aiki ya ƙare sai jiran kuɗi. Gem ranar da aka sake shi ranar aiki ya fara. Kuɗin sabar duk wata, masu gyara in ya lalace cikin dare, masu korar ƴan maguɗi, masu ƙaro sabon abu kada a gaji. Kuma gem na jama'a in jama'a suka ragu mutuwa yake da sauri, wanda ya shigo ya tarar kasuwa ba kowa gobe ba zai dawo ba, jibi wanda ya zo neman shi shi ma ya tafi. Wanda bai tanadi kuɗin riƙe shi na shekara biyu ba kar ya fara babba.

Ku rubuta kwantaragi tun farko, don Allah. Wa ke da labarin, marubuci ko furodusa? Fuskar jarumi da muryarsa nawa ne rabonsa, na shekara nawa? Mawaƙin da za a sa waƙarsa fa? Akwai gem ɗin Friday the 13th da ya fito 2017 ya samu karɓuwa sosai, mutum ɗaya yana farauta bakwai suna neman tsira, amma shari'a tsakanin marubucin fim ɗin na farko da ɓangaren furodusa ta sa a 2018 aka daina ƙara mishi komai, daga baya lasisin ya ƙare, ƙarshen 2024 aka rufe. Ƴan wasa ba su yi laifin komai ba. Mu kuma mun san yadda ake yawan yin harka a baki da amana, sai kuɗi sun shigo a fara jin kan mutane.

Sai maganar tarbiyya, wadda in kuka yi sakaci da ita ita kaɗai ta isa ta kashe aikin. Wuri ne da yara da manya, maza da mata, za su haɗu suna magana ba mai ganinsu. Dole a samu masu sa ido da hanyar kai ƙara da korar mai zagi ko mai lalata da yaran mutane. Kuma ku nisanci akwatin sa'a ɗin nan da ake sa kuɗi ba a san abin da zai fito ba, caca ce, ƙasar Beljiyam ma tun 2018 ta ɗauke shi a matsayin caca. Ina ganin yara suna cinye kuɗin aike a kan irin wannan, uwa ta zo tana tambaya ina canji. Ku sayar da abu a fili da farashinsa, rawani ne, doki ne, alkyabba ce, mutum ya ga abin da ya saya. Kun fi ni sanin cewa a ƙasar Hausa in iyaye da malamai suka juya ma abu baya ya gama yawo, kun ga yadda aka fasa gina ƙauyen fim a Kano a 2016 bayan sun ƙi shi.

Abin da nake roƙo a ƙarshe ba mai tsada ba ne. Kafin a kashe ko dala, ku gwada da gurup ɗin WhatsApp guda: mutum hamsin cikin masoyan fim ɗin, a raba musu matsayi da doka da kuɗin wasa, mutum biyu su riƙe alƙalanci, a ga ko za su kai wata guda suna dawowa da kansu. In sun kai, sai a nemi yaranmu masu ilimin ordinater, akwai su a Jami'ar André Salifou nan Zinder, akwai su a Bayero, kayan haɗa gem irin Godot kyauta ne, su fara da unguwa ɗaya da kasuwa ɗaya da fagen kokowa ɗaya. Kuma in za a gwada, kar a tsaya Kano kawai a kan manyan wayoyin ofis. Tsakaninmu da ku tafiyar ƴan awoyi ce ta Matamai da Daura, ku kawo shi nan a sa a wayoyin yaran Zango da Birni da Garin Malam da Kara-Kara, da rezonmu yadda yake, ni na ɗauki nauyin tura shi kyauta ga duk wanda ya zo shagona kuma in tattara muku abin da suka ce ba tare da na rage komai ba.

Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a sana'a. Na gode da haƙurin karantawa.

Naku,
ƙaninku mai tura finafinai a waya,
Zango, Damagaram.